Haƙƙin da Kuɗin Makaranta Ba Ya Saukewa

 

Ya ku 'yan'uwa masu karanta wannan fili, a wannan mako ina so mu yi magana a kan wasu ƙananan makarantu da suka yawaita a garuruwanmu. Ina nufin irin waɗanda ake buɗewa a cikin gida mai ɗaki uku ko huɗu, ana ɗaukar yara goma ko goma sha biyar a kowane aji, waɗansu na haddar Alƙur'ani ne zalla, waɗansu kuwa sun haɗa da boko. Alkawarin da masu su ke yi wa iyaye guda ne, watau za a bi kowane yaro gwargwadon fahimtarsa, ba za a ja mai rauni da ƙarfi ba, ba kuma za a daƙile mai kaifin basira ba. Iyaye suna rububinsu, kuma ban ga laifinsu ba, domin duk wanda ya taɓa leƙa ajin da yara suka cika shi maƙil, wasu a ƙasa wasu a bakin taga, malami ɗaya yana ta ƙoƙarin ɗaga murya, ya san dalilin da zai sa uba ya nemi wata mafita.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne wata magana da wani mahaifi ya yi mini. Ina koyar da Larabci da yamma a ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu. Ran nan bawan Allahn nan ya zo biyan kuɗin zango, muka gaisa, sai na tambaye shi ko ya ji inda ɗansa ya kai a hadda. Ya yi murmushi ya ce, "Ai Malam, abin da ya sa nake biyan ku ke nan." Ya shiga motarsa ya tafi. Mutumin kirki ne, ba ya jinkirta biya, bai taɓa ɗaga wa malami murya ba. Amma na kwana ina juya maganarsa, domin ta nuna mini cewa shi a wajensa ƙaramar makaranta wuri ne da ake sayen hutu daga ɗawainiyar yaro, alhali kuwa irin wannan makaranta ita ce ta fi kowace bukatar uba da uwa.

Da farko ya kamata mu tuna cewa koyar da kowane yaro shi kaɗai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantar allo a kan haka aka gina ta. Yara talatin suna zaune a zaure ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da inda yake. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na kusa da shi ya fara rubuta wa kansa. Malam yana kiran su ɗaya bayan ɗaya ya biya wa kowa nasa, kuma ba a wanke allo sai karatun ya zauna. Wani yaron ya wanke kullum, wani sai ya yi kwana uku a kan sumuni ɗaya, ba wanda ya ce an bar shi a baya, domin ba tsere ake yi ba.

To amma a dubi yadda magabata suka saƙa iyaye a cikin wannan tsari. Kowace Laraba yaro yana karɓo sadaka daga gida ya kai wa malam, abin da muke kira kuɗin Laraba. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, amma yana tilasta wa gida ya tuna da malam sau ɗaya a mako. Idan yaro ya kai wasu sanannun wurare, kamar Sabbi ko Amma ko Yasin, sai a yi abinci a gida a kai makaranta a raba. Uwar da ta tashi da sassafe ta toya waina saboda ɗanta ya kai Sabbi, ba sai an aiko mata da takardar sakamako ba, ta san inda ɗanta yake. Sa'an nan malamin ɗan unguwa ne, shi da uban suna haɗuwa a sahun Asuba, ana fitowa sai a tsaya a ƙofar masallaci a yi maganar yaro a taƙaice. Ranar sauka kuwa a yi wa allo zayyana, yaro ya zaga dangi. Duk waɗannan al'adu hanyoyi ne da ke haɗa zauren malam da tsakar gida. Mun kwashi yaran mun kai su sabon gini mai fanka da kujeru, muka bar waɗannan hanyoyi a baya, ba mu kuwa shimfiɗa wasu a madadinsu ba.

Malaman mazhabarmu sun daɗe da yin magana a kan wannan. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Adabul Mu'allimin a kan ladubban masu koyar da yara, yana kuwa cikin mafi daɗewar littattafan da Musulmi suka rubuta a wannan fanni. Wanda ya karanta shi zai ga uba yana fitowa a cikin mas'aloli da yawa. An ɗora wa malami ya sanar da iyaye idan yaro bai zo ba. An hana shi aiken yara sai da yardar iyayensu. An taƙaita masa horo, bulala ba ta wuce uku sai da izinin uba, kuma ba a bugun kai ko fuska. Ma'anar wannan duka ita ce, a idon fiƙihu malami wakili ne, waliyyin yaro yana nan a matsayinsa. Wanda ya wakilta wani a kan kasuwancinsa ba ya shekara bai duba lissafi ba, balle wanda ya wakilta wani a kan hankalin ɗansa da addininsa.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratut Tahrim, ya ɗora wa mumini nauyin tsare iyalinsa daga azaba tare da tsare kansa, malaman tafsiri kuwa suka bayyana cewa ana yin haka ta hanyar koyar da su da ladabtar da su. Haka nan hadisin nan sananne da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kamanta kowannenmu da makiyayi wanda za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo, ya ambaci namiji a kan iyalinsa, ya ambaci mace a kan gidan mijinta. A cikin Suratu Luƙman ma, wanda muka ga yana yi wa yaro nasiha mahaifinsa ne. Ba ina cewa haramun ne a ɗauki malami ba, Allah Ya sawwaƙe, ai da na rasa abin yi. Abin da nake cewa shi ne, ana iya wakiltar da aikin koyarwa, amma tambayar ranar gobe tana nan a kan wanda aka ba amanar tun farko.

Dubi mahaifiyar Imamu Malik. Malaman tarihi sun kawo cewa ita ce ta sa masa tufafin ɗalibai, ta naɗa masa rawani, ta zaɓar masa malami, watau Rabi'atu ɗan Abu Abdurrahman, ta kuma umurce shi da ya fara ɗaukar halin malamin kafin iliminsa. Wannan mata ta san ɗanta, ta san malaman Madina, ta san wanda ya dace da wane. Haka kuma Ibn Khaldun ya kawo wasiyyar da Halifa Haruna Rashid ya yi wa malamin ɗansa Amin, inda ya tsara masa abubuwan da zai koyar, ya gargaɗe shi game da tsanantawar da ke kashe zuciyar yaro da kuma sakacin da ke saba masa da zaman banza. Mutumin da ke riƙe da daula tun daga Bagadaza ya sami sararin zama da malamin ɗansa. Mu kuwa shago ɗaya ko ofis ɗaya ya hana mu.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen da ne. Turawan da suka ƙirƙiro ƙananan makarantu masu bin yaro gwargwadon halinsa, su ma a nan suka tsaya. A ranar 6 ga Janairu, 1907, wata likita mai suna Maria Montessori ta buɗe makarantarta ta farko a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum na ƙasar Italiya. A cikin gidan hayar da iyayen ke zaune aka buɗe ta, malamar da ke kula da yaran ita ma a nan take zaune. A tsarinta kowane yaro yana zaɓar aikin da zai yi, ya daɗe a kansa yadda ya so, malama tana lura tana shiryarwa. Amma cikin dokokin da aka kafa wa iyaye har da cewa su kawo yaro a kan lokaci cikin tsabta, kuma uwa ta riƙa ganawa da malama sau ɗaya a mako, ta ba ta labarin yadda yaron yake a gida, ta karɓi shawara. Iyayen nan 'yan ƙwadago ne, da yawansu ba su iya karatu ba, duk da haka ba a ɗauke musu wannan ganawa ba. Yau sunan Montessori yana rubuce a jikin allunan makarantu da yawa a biranenmu. Sai mu tambayi kanmu, cikinsu nawa ne suka riƙe ganawar mako?

A wannan ƙasa ta Italiya dai, a shekarar 1945 da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen wani ƙauye mai suna Villa Cella kusa da garin Reggio Emilia suka sayar da wata tankar yaƙi da dawaki da manyan motocin da sojan Jamus suka gudu suka bari, suka tsinto tubala daga gidajen da bom ya rushe, suka gina wa 'ya'yansu makaranta da hannunsu, mata ne kuwa a kan gaba. Wani saurayin malami, Loris Malaguzzi, ya ji labari ya hau kekensa ya je ya gani, daga nan ya zauna tare da su. Abin da ya tsiro daga wannan aiki ya zama tsarin da malamai daga ƙasashe da yawa ke zuwa koyo, kuma ginshiƙinsa shi ne iyaye suna cikin masu shawara a kan tafiyar da makaranta.

Masu bincike ma sun auna abin. A shekarar 1984 wani shehun malami a Jami'ar Chicago ta Amurka, Benjamin Bloom, ya bayar da rahoton cewa ɗalibin da aka koyar shi kaɗai, ba a wuce darasi sai ya ƙware, yakan zarce kashi 98 cikin ɗari na waɗanda aka koyar a aji na yara wajen talatin. Binciken da ya biyo baya ya nuna ratar ba ta cika kai haka ba, amma an tabbatar tana nan. Da na karanta wannan sai na yi dariya, na ce ashe wanke allo ne suka gano. Kafin wannan kuwa, a 1966, rahoton James Coleman wanda ya shafi ɗalibai fiye da dubu 600 a Amurka ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan sakamakonsa. In an haɗa biyun za a ga abin da kakanninmu suka sani ba tare da ƙididdiga ba.

Dalilin a fili yake. Malami ba zai iya bin yaro gwargwadon halinsa ba sai ya san halin, mafi yawan wannan sani kuwa a gida yake. Malam yana ganin yaro awa huɗu ko biyar, sauran yini da dare yana hannun iyayensa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwa ce ta san yaron nan ba ya iya komai in bai karya ba, ita ta san wancan yana firgita da dare tun rasuwar kakarsa, ita ta san wanda haddarsa ta fi kamawa bayan Asuba da wanda sai bayan La'asar kansa ke buɗewa.

Na taɓa samun wani yaro ɗan shekara tara da ya gagare ni a wajen furta haruffa. In na ce sa, ya ce sha, in na gyara ya dube ni kawai. Na yi wata biyu ina zaton taurin kai ne, har na fara ɗaure masa fuska, Allah Ya gafarta mini. Wata rana mahaifiyarsa ta zo ɗaukarsa da kanta saboda mai kawo shi bai samu zuwa ba. A tsaye a bakin ƙofa, cikin gaisuwa, ta ce ai shi in ana kiransa daga hagu ba ya waiwayowa, tun wani ciwon kunne da ya yi yana ƙarami. Ni kuwa duk wata biyun nan ta hagunsa nake zama! Kashegari na koma damansa, na ba da shawara a kai shi asibiti a duba kunnen. Kafin ƙarshen zango yaron ya shiga sahun masu kyakkyawan karatu. Maganar da ba ta kai minti ɗaya ba ita ce ta warware abin da difloma ta da shekarun da na yi ina koyarwa suka kasa, kuma da mai kawo shi bai yi fashi ba, da har yau ina zargin yaron da abin da ba laifinsa ba.

Sai dai akwai wani nau'in shiga da ya fi rashin shiga ɓarna, dole in faɗe shi ko da zai sosa wa wasu rai. Akwai uban da ba ya zuwa sai don ya ƙirga izu. Ya ji ɗan maƙwabcinsa ya sauke cikin shekara biyu, to nasa ma dole ya sauke, domin an riga an fara shirin walima da ɗinkin anko. Sai ya matsa wa malam, malam kuwa yana tsoron kada a cire yaro a rasa kuɗin zango, sai ya riƙa wucewa da shi alhali na baya bai zauna ba. A yi walima a ɗauki hotuna, bayan shekara guda ka ce ya karanto maka Tabara ya kasa. Sauri ya haifi nawa. Duk amfanin ƙaramar makaranta shi ne yaro ya tafi da saurin da Allah Ya hore masa, wanda ya mayar da ita fagen gasa da maƙwabta ya rushe abin da ya biya kuɗi dominsa. Akwai kuma wanda zai zo ya ci mutuncin malami a gaban ɗansa saboda ƙarar da yaron ya kai, bai ko ji ta bakin malamin ba. Daga ranar nan yaron ba zai ƙara ɗaukar komai daga wannan malami ba. In kana da ƙorafi, ja malam gefe ku yi magana ta manya.

Mu malamai ma muna da namu kason. Da yawanmu ba ma son iyaye su leƙo, muna ganin zuwansu kamar bincike ne. Ba ma kiran taron iyaye sai za a ƙara kuɗi, shi ya sa da sun ga takardar gayyata sai gabansu ya faɗi. Makarantar da yaranta ba su wuce hamsin ba, ba ta da uzurin kasa sanin kowane gida. Ga shi Allah Ya kawo wayar hannu, abin da ɗan Sahnun ya ɗora wa malami na sanar da iyaye fashin yaro yanzu bai wuce aikin minti ɗaya ba. Kuma a riƙa kiran uba don a gaya masa alheri, kada ya zama ba ya jin muryar malam sai ɗansa ya yi laifi.

Ban manta da waɗanda suka kai 'ya'yansu wani gari neman karatu ba. Tafiya neman ilimi sunna ce ta magabata, ba mai musun wannan. Amma mun ga abin da ya faru a shekarar 2020 lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnonin jihohin Arewacin Nijeriya suka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu na asali. Ƙananan yara ne aka yi ta miƙawa daga wannan jiha zuwa waccan, kowa yana cewa ba nasa ba ne. Wanda ya kai ɗansa tsangaya ya shekara biyu bai je ba, bai aika da ko mudun gero ba, shi da mai motar nan da na ambata a farko cutarsu ɗaya, bambancin kawai ɗaya ya biya ɗaya bai biya ba.

Wani zai ce, "Malam, ni fa ban yi karatu ba, me zan duba?" Mahaifiyar Imamu Shafi'i matalauciya ce mai riƙon maraya. Ta ɗauko shi daga Gazza yana ɗan ƙarami ta kai shi Makka, ba ta da abin biyan malami, ba ta da kuɗin takarda har ya riƙa rubutu a kan ƙasusuwa, amma tana tsaye a kansa. Ba a bukatar ka san tajwidi kafin ka ce wa ɗanka bayan Magariba ya zauna ya karanta maka na yau. Ko ba ka gane kuskure ba za ka gane in-ina, za ka gane wanda ke karatu da sakin fuska da wanda ke yi da ƙunci, ka kuwa sami abin da za ka gaya wa malam.

Cikin iyayen ɗalibaina akwai wani mai sayar da itace wanda ko baƙi bai sani ba. Kowace Laraba da yamma yakan jingine kurarsa a ƙofar makaranta, ya cire takalmi ya zauna a ƙarshen tabarma har 'yarsa ta gama biya. Ba ya cewa komai sai in an tashi, sa'an nan ya tambaye ni, "Malam, yau ta wuce ko ta maimaita?" In na ce ta maimaita, sai ya ce to madalla, a bar ta ta ƙara riƙewa. Makon jiya da ya zo na lura leɓunansa suna motsi tare da nata. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce ai tun watan Rajab take biya masa da dare, yanzu ya kai Lam Yakun.